Jirgin Jira na Bakin Juyi

Ran kasuwar da ta wuce na gangara mashigi don in sayi kifi, na komo gida ban sayi komai ba sai ɓacin rai. Na iske ana yi wa jirgin fito lodi, irin na yanzu mai inji a gindi. Buhunan albasa sun kai ƙirjin mutum, mata da goyo na zaune bisa buhunan, an kwantar da babura biyu a tsakiya, ga awaki an cusa tsakanin ƙafafun mutane, kuma ana ta kiran wasu su zo wai akwai sauran wuri. Na dubi gefen jirgin, ruwa na lasar bakinsa tun bai tashi ba. Na matsa kusa da mai tuƙin, wani saurayi da na san kakansa, na ce ya sauke ko babur guda da buhu biyar.

"Baba tsoho, wanga inji na, ba filafili ba," in ji shi, yana dariya. "Kahin ruwa shi hwarga mun ƙetare."

Na ce, "Injin shi ka riƙe jirgi bisa ruwa?"

"Allah ka tsarewa, Baba."

"Allah ka tsarewa, shi kuma yab ba ka idanu biyu."

Ya ja igiyar injin, ƙara ta haɗiye sauran maganata. Sun ƙetare lafiya, na gode Allah. Amma har cikin raina ƙetarewar ta ƙara mini haushi, don na san yaron nan ya kwana da tabbacin cewa tsoho surutu kawai yake yi. Bara wasu mutane sunka zo daga birni da mota cike da rigunan nan masu ruwan lemo, waɗanda ke hana mutum nutsewa. Anka yi jawabi, anka ɗauki hoto, anka raba. Yau in kana son ganinsu kada ka wahal da kanka zuwa mashigi. Dubi sirdin baburan 'yan kabu-kabu, da su suke tausasa wurin zama. Guda na gani da idona a akurkin maƙwabciyata, kaza na kwanci a kai.

Gulbin Rima da yaran yanzu ke gani ba shi ne wanda munka sani ba. Kafin a datse shi a Goronyo, in damina ta yi nisa yakan bazu cikin fadama har itatuwan ƙetare su koma kamar ciyawa. Garinmu na tsakanin Wurno da Goronyo, a gefen da ba kasuwa, don haka duk abin da munka noma sai ya hau ruwa. Abin da ke tashe ni da asuba ba zakara ba ne, ƙarar ƙwarya ce da ake kwashe ruwan da ya kwana cikin jirage, da bugun filafili a jikin katako, da kukan agwagin kirinjijiya in sun taso daga ciyawar burgu. Aikinmu na samari shi ne toshe tsaguwar jirgi da tsumma da ƙaro, da murza igiyar rama a cinya har fatar wurin ta daina jin zafi, da ɗinkin taru. Wurin da muke zama mu yi ɗinkin ma gawar wani jirgi ce, da rani ke tonowa cikin yashi, haƙarƙarinsa a waje. Ba mu san ko na wane ne ba, mun dai san inda ya mutu.

Ƙasa da mashigi kaɗan gulbi na bugun wata gaɓa mai tsawo ta jar ƙasa, ya komo baya yana wulwulawa. Wurin muke ce ma Juyi. Ƙarƙashinsa kututturan giyayya ne da ruwa ya kayar tun zamanin kakanni, kuma abin da ya shiga can ba ya fitowa ranar. Da jiragen da Juyi ya ci tsofaffinmu ke lissafin shekaru. Kakata in za ta faɗi haihuwar wani sai ta ce shekarar jirgin gishiri, ko damina biyu bayan jirgin maƙera, wanda ya nutse da uwar maƙera ta ƙarfe da mutum huɗu 'yan gida ɗaya. Akwai shekarar jirgin shanu, da anka yi kwanaki ana tsintar gawar dabbobi har kusa da Wurno. Kowane jirgi kuma da labarinsa na wanda ya faɗa ruwa ya fiddo wane, da wanda ya faɗa bai komo ba. Mun san sunayensu kamar yadda munka san iyakar gonakinmu. Ka tambayi yaron yanzu abin da ya faru a mashigi shekara uku da sunka wuce, sai ya ce bari ya duba waya.

Mai riƙe da ruwan a lokacinmu Sarkin Ruwa ne, wani gajeren tsoho mai kunne guda da ba ya ji, mai murya kamar an kwankwasa tsohuwar ganga. Dokarsa ta yatsu huɗu ce. In an gama lodi sai ya shiga ruwa har gwiwa, ya aza hannunsa a gefen jirgi. In tsakanin ruwa da bakin jirgi bai kai yatsu huɗu ba, a sauke. Bai san attajiri ba, bai san malami ba. Na taɓa ganin ya sa an sauke dilar wani babban ɗan kasuwa, mutumin na kumfar baki yana faɗin ko shi wane ne, tsohon ya juya masa kunnen da ba ya ji.

Sai kuma jirgin jira. Siriri ne dogo, na mutum shida, kuma tun da anka sassaƙa shi ba a taɓa aza masa ko damin gero ba. Yana ɗaure a gindin wata tsamiya sama da Juyi. Cikinsa akwai manyan goruna irin na masunta, kowane da igiya, da doguwar gwangwala, da kugen da ake bugawa gari ya ji. Kowace ran kasuwa, daga faɗuwar damina har ruwa ya janye, mutum shida za su zauna cikinsa tun hantsi har jirgin ƙarshe ya komo. Ba kasuwa, ba gona, ba barci. Da kaka kowane gida ya ba da dami ɗaya a raba musu, shi ke nan. Na shiga cikinsu shekarar da gemu ya fara fito mini, kuma kafin a ba ni filafili sai da tsohon nan ya kife mu a ruwa ya fi a ƙirga. Ya koya mana cewa wanda ke nutsewa da gaske ba ya kuwwa, kansa kawai za ka gani yana hawa yana sauka. Ya ce kada ka ba shi hannunka, ba shi gora, don tsoro na sa mutum ya danne uwarsa. Ya ce kuma na kusa da kai shi za ka fara ɗauka, ko da jiya kunka yi faɗa, ko da wanda ke can nesa ka fi son shi. Munka ce to. Abu ne mai sauƙin cewa to a kai in kana zaune a inuwar tsamiya.

Babban jirgin fito na garinmu na kawuna ne, ƙanen Inna. Ban ga wanda ya kai shi sanin ruwa ba, ban da Sarkin Ruwa. Mutum ne mai dariya, mai kyauta, wanda bakinsa bai iya cewa a'a ba. A gefenmu yana bin doka, tunda hannun tsoho na nan. A ƙetare kuwa, in za a komo daga kasuwa, ba mai aunawa sai shi da ransa.

Yayata kuma ita ta goye ni. Tana aure cikin gari da 'ya'ya biyu, tana suyar ƙuli-ƙuli tana kai wa kasuwa. Tsoron ruwa gare ta ƙwarai, ko ninƙaya ba ta iya ba, amma ba ta taɓa wuce tsamiyarmu ba ta tsokane ni ba. Ranar da nake son faɗi, da safe jirgin Kawu ya bi ta gabanmu, ta ɗago murya daga ciki ta ce, "Ƙanena, sannu da aikin zama! In na komo ka gaya mini ko kwaɗi nawa ka ƙirga." Mata sunka yi dariya. Ta jefo mini ƙulli na ƙuli-ƙuli, ya faɗa ruwa, na miƙa filafili na jawo shi.

Lokacin ana cikin yankan gero ne, gulbi ya cika ya batse. Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara tayar da taguwar ruwa. Ƙananan jirage duk sun komo, saura na Kawu. Daga baya munka ji yadda anka yi a ƙetare. Kowa ya ga hadari, kowa na son gida, mutane sunka dinga faɗawa jirgi ba a kira su ba. Wani ya sayi ɗan maraƙi ya roƙi Kawu da Allah kada ya bar shi ya kwana a ƙetare. Kawu ya ce a ɗaure maraƙin a tsakiya.

Mu dai abin da munka gani shi ne jirgi ya taso kamar ba jirgi, sai mutane zaune bisa ruwa. Sarkin Ruwa ya miƙe tsaye a gindin jirginmu, ya kare idonsa da hannu. Bai jira komai ya faru ba.

"Ku kwance igiya," ya ce. "Kai, buga kuge."

Muna cikin tuƙi anka yi tsawa. Maraƙin ya zabura, mutanen da ke kusa da shi sunka kauce gefe guda, gefen ya sha ruwa. Ba wani ƙara mai yawa. Jirgin ya kwanta a hankali kamar mai jin barci, sai ga cikinsa a sama, ruwa ya cika da ƙore da buhuna da kawunan mutane, kuma gulbi na jan su duka zuwa Juyi.

Ni ke gaba, gwangwala a hannuna. Na baya na jifa da goruna. Farkon wadda munka isa wata Bafulatana ce da ban taɓa gani ba, kanta ya riga ya nutse, hannuwanta biyu kawai ke sama riƙe da jariri. Na karɓi jaririn na miƙa baya, na cafko gashinta, anka taya ni jawo ta. Ina ɗagowa na hangi kallabin Yaya, rawaya mai ɗigon baƙi, can ƙasa da mu. Ta rungumi masakinta na ƙuli-ƙuli, yana juyawa da ita, ruwa na tafiya da su. Tsakaninta da bakin Juyi bai fi tsawon jirgi uku ba.

"Ga Yaya can!" na ce. "Baba Sarki, ga Yaya can, mu bi ta!"

"Dama gare ka," in ji shi. "Na kusa."

Na duba dama. Mutum ne ke hawa yana sauka, goshinsa a fashe, jini na bin ruwa, ko hannu ba ya ɗagawa. Kawu ne. Katakon jirginsa ya buge shi.

"Wanga shi yak kihe su! Baba, Yaya ba ta iya ruwa ba!"

"Na ce na kusa. Ɗauke shi."

Shi ke riƙe da akalar jirgi a baya, kuma ya riga ya karkata kanmu dama. Na so in faɗa ruwa. Wanda ke bayana ya riƙe mini ɗamara. Ban san yadda anka yi ba, na dai ga hannuna cikin wuyan rigar Kawu, na ɗago shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na jefa shi cikin jirgi kamar buhu. Bayansa akwai wata tsohuwa maƙale da gora, da yara biyu riƙe da kwando guda, da wani makaho da ɗan jagoransa ya ƙi saki. Duk munka ɗauka. Jiragen gari da sunka ji kuge sunka iso sunka tsinci sauran. Da na sake samun zarafin ɗaga kai, masakin Yaya na tsakiyar Juyi yana zagawa shi kaɗai. Sai ruwan sama ya sauko.

Mutum uku ba a gani ba ranar. Washegari da hantsi masunta sunka samu Yaya cikin burgu, nesa ƙasa, kallabinta na ɗaure yadda ta ɗaura shi.

Bayan addu'ar uku na iske Sarkin Ruwa a gindin tsamiya yana murza igiya. Ban gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce da mun bi ta da mun same ta.

"Mai yiwuwa," ya ce, bai ɗago ba. "Mai yiwuwa kuma da Juyi ya ci mu, mu shida da Bahillata da ɗanta, waɗanda munka wuce kuma su bi bayanmu. Ban san wanne ba, kai ma ba ka sani ba. Ji haushina yadda kaka so, ɗana, kana da hakki. Amma ran kasuwa ka zaka da hantsi."

Na ji haushinsa kuwa, shekaru. Na kuma zo ran kasuwa.

Hukuncin Kawu a ƙofar mai gari anka yi shi, gari duka na tsaye. Sarkin Ruwa ya tambaye shi yatsu nawa ya bari. Kawu, da tsumma ɗaure a goshi, ya ce, "Ko guda ban bari ba." Bai ce hadari ba, bai ce mutane sun fi ƙarfinsa ba, bai ce ƙaddara ba, ko da yake duk cikinmu ba wanda bai yarda da ƙaddara ba. Anka ce shi da fito har abada. Anka jawo jirginsa daga inda ya maƙale, anka sare shi gida biyu da gatari a gabansa, anka bar shi a bakin mashigi kowa na gani.

Wannan shi ke cina in na dubi yanzu. In jirgi ya kife yau, kuma yana kifewa, abin da za ka fara gani a gaɓa samari ne a jere, kowa ya ɗaga waya. Rabinsu ba su iya ninƙaya ba, 'ya'yan masunta fa. Bayan kwana biyu manyan motoci su zo, a yi ta'aziyya, a sauke buhunan shinkafa, a ce za a duba. Mako na zagayowa ka ga jirgin nan dai, mai tuƙin nan dai, lodin nan dai. In ka buɗe baki a ce maka haka Allah ya so, kamar Allah ne ya aza babur bisa albasa. Jirgin jira kuwa ya ruɓe a gindin tsamiya tun da na zamaninmu sunka fara ƙarewa, mata sunka kwashe katakon sunka hura wuta. Sau uku ina tashi a taron gari ina cewa a sassaƙa wani, a samu mutum shida. Sai a ce samari sun tafi cin rani, ko a ce aikin hukuma ne, ko wani ya ce tun da anka yi dam ruwa ya yi sanyi. Ruwa bai yi sanyi ba. Ran da anka sako shi, ka je bakin Juyi ka saurara.

Kawu ya yi kwana arba'in bai fita gida ba. Ran da ya fito, wurin Sarkin Ruwa ya tafi, ya durƙusa ya ce tunda an hana shi ɗaukar mutane a tudu, a bar shi ya ɗauke su a ruwa. Tsohon ya ba shi filafili, ya kuma zaunar da shi daidai bayana. Ban san ko mugunta ce ko hikima ba, na dai ɗauke ta mugunta. Munka ƙare wannan shekarar, munka shiga wata damina, ban ce masa kanzil ba. Ina jin numfashinsa a ƙeyata tun hantsi har la'asar. Bai kawo guzuri ba ko sau ɗaya, in ana cin abinci sai ya juya ya dubi ruwa.

Inna ma ba ta yi masa magana ba. Kowace safiya yakan zo ƙofar ɗakinta ya durƙusa ya gaishe ta, ta ci gaba da abin da take yi, ya tashi ya tafi. 'Ya'yan Yaya biyu suna wurinta, su ma sun koyi yin shiru in ya shigo. Yaya ce 'yarta ta fari, Kawu kuma ita Inna ta raine shi bayan uwarsu ta rasu. Ban taɓa jin ta zage shi ba, ban kuma taɓa jin ta amsa masa ba.

Wata ran kasuwa cikin damina ta biyu na shiga ɗaukar guzurina, ta miƙo mini ƙwaryar fura. Na ji ta fi kullum nauyi. Na buɗe faifan, na ga ludayi biyu.

"Inna, wanga na biyun fa?"

"Kana tambayata aikin ludayi?" ta ce, ta juya mini baya tana hura wuta.

Na ɗauka na tafi, raina na tafasa. Da azahar na sha rabina, na zauna da sauran a gabana, ina tunanin in juye wa kifi. Sai na tura ƙwaryar baya ta ƙarƙashin hannuna, ban waiwaya ba. Ban ji motsi ba. Na jira, har yanzu ba motsi.

"Kawu," na ce, kuma muryata ta fito kamar ta wani, "Inna tac ce kada a maido mata ƙwarya da saura."

Ba ta ce haka ba. Can sai na ji ludayi ya taɓa ƙwarya. Sauran mutum huɗun kowa ya sa ido a ƙetare kamar akwai abin kallo. Ya shanye tas, ya wanke ƙwaryar a gulbi, ya ce da kansa zai kai mata.